Baturiya a Rumbun Barira

Ni dai ban yi boko ba, yaƙi da jahilci na shiga da girmana, to in kun ga rubutuna ya karkace ku yi haƙuri da tsohuwa. Abin da zan faɗa muku da idona na gan shi, katanga ɗaya ce tsakanina da gidan, ita ma katangar ta zana.

A shekarun da ake ginin dam na Bakolori ne, bayan an tashe mu daga bakin gulbi an zuba mu a sabon mazauni kusa da Maradun. Wuri ne na tsakuwa, ba inuwa, ba gona. Maza suka gina rumbuna saboda sabo, hatsin da za a zuba bai zo ba. Fulanin da ke kawo mana nono suka kora shanunsu suka yi gaba. Mai ƙarfi ya tafi aikin lebura wajen masu ginin, marar ƙarfi ya zauna jiran a ba shi ƙasa.

Maƙwabcina Nasidi yana cikin masu ƙarfin. Can wajen Talata Mafara yake kwana, sai jefi-jefi ya leƙo gida. A gidan akwai uwarsa Marka, da matarsa Barira, da ɗiyarsu ta fari Nagode, wadda ta fara miƙewa tana dafa bango.

Wata rana ya dawo da kwali a ka. Da ya buɗe sai ga zomo fari fat, da jajayen idanu. Wai kukun wani Bature ne ya ba shi, ya ce namiji ne, a kiwata shi ya yi ƙiba a yanka. Yara suka sa masa suna Bature. Barira ta share rumbun da ba kowa, ta zuba yashi, ta ajiye masa ruwa a kasko. Nagode kuwa kamar ta haɗiye shi. Ta rarrafa ta kama kunnensa, shi kuma ya lafe, ta yi ta ƙyaƙyata dariya da haƙoranta biyu.

Kun san al'adarmu game da ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya faɗi ba ta rugawa. Barira ta riƙe wannan kamar salla. In za ta ambaci Nagode sai ta ce "yarinyag ga". To amma ni ina hango ta ta zana. In ta zaunar da ɗiyar kusa da zomon, sai ta yi ta shafa shi tana cewa, "Wa ya kai ka kyau? Wa ya kai ka farin ido?" Hannunta a kan zomo, idonta a kan ɗiya.

Ana nan Nagode ta kama zawo, irin wanda yara ke yi lokacin haƙori. Ran nan da hantsi Barira na daka, sai ta saki taɓarya ta ruga bayan ɗaki tana amai. Marka na zaune tana kaɗi. Ta ajiye mazari, ta bi ta da kallo tun daga ƙafa har wuya.

"Ke, taho nan."

Barira ta zo ta durƙusa.

"Yaushe rabonki da wanki?"

Barira ta sunkuyar da kai.

"Magana nike maki. Yaushe?"

"An kwan biyu, Inna."

Marka ta tafa hannu ta yi salati da ƙarfi, don a ji har gidajen da ke kewaye. "Gwanne! Gwanne a gidana! Ɗiya ba ta yi ƙafa ba kin ɗauko wani. Ashe dahi kike ba ta tana sha, shi ya sa cikinta ka gudu. Wace irin mace ta ke, da ba ki iya riƙe kanki?"

Ga wanda bai sani ba, gwanne shi ne mace ta yi ciki tana goyo. A wancan zamani mun ɗauka nonon mai ciki guba ne ga yaro, kuma abin kunya ne babba. Kunyar kuwa kan mace ake ɗora ta gaba ɗaya, sai ka ce daga rijiya ta ɗebo cikin.

Na leƙa na ce, "Inna Marka, a yi a hankali, yarinya ce."

Ta ce, "Abu, koma ga tukunyarki. Jikata za ni ceta."

Ba a kai azahar ba ta gama shiri. Da ma yaye kan zo da lallashi, a rage wa yaro nono kaɗan-kaɗan, a saba masa da fura. Wannan kuwa daga bakin nono aka cire ta. Marka ta goya Nagode, ta ce za ta kai ta Birnin Tudu wajen ƙanwarta Taibatu, can nesa inda ba za ta ji ƙanshin uwa ba. Yarinyar na tsala ihu tana miƙo hannu. Barira na tsaye bakin turmi, ba ta da ikon ko ɗaga ido. Da suka fita ta ɗauki 'yar ƙwaryar dusa ta nufi rumbu, ta zura kanta ciki har kafaɗa, ta daɗe a haka. Ba wanda zai ce kuka take yi, ai abinci take ba zomo.

Marka ta kwana can ta dawo ita kaɗai.

Kwanakin da suka biyo ba su da daɗin faɗi. Nono ya cika wa Barira ya yi tauri, zane ya jiƙe, zazzaɓi ya rufe ta. A haka take zuwa ɗiban ruwa, a haka take daka. In ta wuce wajen mata sai a yi shiru, in ta ba da baya a kwashe da dariya. Nasidi ya zo, uwarsa ta ja shi zaure ta faɗa masa. Ya shigo yana sosa ƙeya, ya ci tuwo, bai dubi matarsa ba. Washegari ya koma aiki tun da sauran sanyi.

Sai kuma zomon ya canza hali. Ya daina yarda a taɓa shi, yana kwasar ciyawa a baki yana kaiwa lungu. Ran nan Barira ta kira ni a tsorace.

"Yaya Abu, zo ki gani, Bature ya haukace. Gashin ƙirjinshi shike tugewa."

Na leƙa. A cikin tulin gashi sai ga wasu abubuwa jajaye suna motsi, ba ido ba gashi, kamar 'ya'yan ɓera. Na yi dariya har na zauna a ƙasa.

"Ke Barira, kukun nan ya cuci mijinki. Baturiya ce!"

Tun da aka tafi da Nagode ban ga haƙoran Barira ba sai ranar. Marka ta zo ta leƙa, ta taɓe baki.

"To madalla. Ashe zomaye biyu gare mu a gidanga."

Murmushin ya koma inda ya fito.

Daga nan Barira ta ba da ranta ga rumbun. Wurin da muke ba ciyawa, sai ta riƙa tsinto ɗanya a hanyar ruwa tana ƙullowa a gefen zane. Ta roƙi harawa a gidajen masu awaki. In ta tankaɗe gari ta ɓoye ɗan dusa. Da rana ta jiƙa buhu ta rataya a bakin rumbun don zafi. Ita kanta ba ta cin kirki, ciki na fitowa wuya na ramewa.

Wata rana na same ta ta tsugunna tana kallo.

"Yaya Abu, kin lura? Wuni take ba ta zuwa wajensu. Sai ta ga ba kowa ta lallaɓa ta ba su, ta rufe su da gashi ta fito, ta yi kamar ba ta san su ba."

"Haka suke."

"Ita ma kunya gare ta." Ta sake leƙawa. "Amma ita an bar mata nata."

Ranar wata Talata na je kasuwar Mafara sayar da daddawa, na haɗu da wata mata ta Birnin Tudu da na sani. Bayan mun gaisa, mun tambayi gida da gajiya da mutanen gari, na ce ya baƙuwar Taibatu. Matar ta girgiza kai.

"Wannan ɗiya? Ta ƙi koko, ta ƙi tuwo. Ɗura ake mata tana amayarwa. Taibatu na ƙoƙari, amma mi gare ta? Su ma an baje gonakinsu ana jiran ruwan kanal, ko nonon saye babu. Ƙafafunta sun hau, gashin ya yi ja. Ko kukan ma ta bari."

Na dawo da daddawata rabi ban sayar ba. Barira na ganina ta san daga inda labari zai fito, amma bakinta ba zai iya tambaya ba. Ta biyo ni har gida da sunan aron rariya. Ta juya rariyar, ta sake juyawa.

"Yaya Abu, kasuwa ta yi kyau?"

"Ta yi."

"Mutanen yamma sun shigo?"

"Sun shigo."

"Lahiya dai suke can? Duka-dukansu?"

Na kama hannunta na zaunar da ita, na faɗa mata komai. Ta tashi ta tafi, ta manta rariyar.

Ni na je wa Marka. Na ce a dawo da yarinyar nan ko idon uwarta ta gani, ko ta ci abinci daga hannun da ta sani.

"A maido ta ta koma ga dahi? Kumburin da kika ji, ai nonon da ta riga ta sha ne ka hita. Ni na haihi tara, Abu, ban taɓa gwanne ba. In wani abu ya samu ɗiyag ga, uwarta za a tambaya."

Da Nasidi ya zo na tare shi a ƙofar gida, na ce ya biya Birnin Tudu ya ɗauko ɗiyarsa, ga asibiti a Mafara.

"Yaya Abu, wannan sha'anin mata na. Inna ta hi ni sani."

"Cikin ma sha'anin mata ne? Ita kaɗai ta yi shi?"

Ya dubi hagu ya dubi dama. "Ki rage murya don Allah. Can wurin aiki abokai sun ishe ni da tsiya. In kuma anka gan ni da ɗiyar fari a kafaɗa ina yawon asibiti, mi za a ce? Kuma in na yi fashi a ba wani gurbina."

Ya shige. Da zai koma ya bar wa uwarsa sabulu da goro.

'Ya'yan Baturiya suka buɗe ido, suka yi gashi, suna tsalle cikin rumbu kamar auduga. Har yanzu nono suke sha, ko ciyawa ba su iya ci sosai ba. Marka ta lura duk inda Barira ta ɓace, a can za a same ta tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce mai ciki da ke yawan kallon zomo, ɗa za ta haifa da tsagaggen leɓe. Ta ce dusar da ake ɓarnatarwa ta isa kunu. Ran nan Barira ta tafi ruwa, Marka ta tara yaran unguwa ta raba musu 'ya'yan, kowa ya ɗauki ɗaya ya yi gida da murna. Uwar zomayen kuwa Marka ta bar ta, wai ta nama ce, Nasidi ya ce a jira salla.

Barira ta dawo ta sauke tulu, ta leƙa rumbu. Baturiya na ta zagaye tana tona gashin da ta shimfiɗa, tana buga ƙafa a ƙasa. Kafin kwana biyu yara suka fara jefar da gawarwakin a bola. Na gidanmu ma, da jikan mijina ya kawo, a tafin hannuna ya mutu, na ɗiga masa ruwan koko ya ƙi haɗiya.

Barira ta ga na bolar da idonta. Da la'asar ɗin ranar, mata sun taru a tsakar gidan ana sussukar ɗan geron da wani ya samo, ta fito daga ɗaki ta zo gaban Marka ta zube gwiwa biyu.

"Inna, na yi laihi, na ji. Ki yi man duk hukuncin da kika so. Amma a maido man Nagode. Ko ban ba ta nono ba, a bar ni in riƙa ta. Nagode ba ta cin abinci sai an yi mata wasa, Gwaggo Taibatu ba ta sani ba. Don Allah Inna, Nagode mutuwa za ta yi."

Mata suka dubi juna. Wata ta rufe baki da gefen mayafi. Na ɗauka tausayi ne ya kama su, ashe ba shi ba ne.

"Kun ji?" in ji Marka. "Kun ji da kunnenku? Sunan ɗiyar fari, gatsal, har sau nawa, a gaban uwar miji! Wadda ba ta ji kunyar gwanne ba, ina za ta ji wannan?"

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Ba wanda ya ce Barira ta roƙi ran ɗiyarta. Cewa ake Barira ta kira suna.

Taibatu ce ta kawo Nagode da kanta, bayan wani lokaci. Ta sauka daga motar kasuwa da rana tsaka, ta shigo ko sallama ba ta gama ba ta kwance goyo.

"Yaya, ga amanarku. Ba a hannuna ba. Na yi rubutu, na yi saiwa, na yi abin da na iya."

Wallahi da ba a ce Nagode ce ba, da ban gane ta ba. Fuska ta kumbura, hannuwa kamar tsinke, fatar ƙafa na saɓulewa. Barira ba ta nemi izinin kowa ba. Ta ɗauke ta, ta zauna a tsakiyar gida, ta kwance zane ta sa mata nono a baki. Marka ta yunƙura, Taibatu ta riƙe ta.

"Bar ta, Yaya. Ba abin da ya rage da za shi ɓaci."

Nonon ya riga ya ƙafe. Yarinyar ma ba ta kama ba. Ta dubi Barira kamar yadda ake duban baƙo, ta kau da kai. Barira ta yi ta kiranta, ta yi mata tafi, ta yi duk wasan da ba ta taɓa yi mata a fili ba. Ko gezau. Sai ta miƙe da ita ta je bakin rumbu, ta ciro Baturiya ta ɗora a cinyarta. Nagode ta daɗe tana kallon farin abin nan. Can ta motsa yatsu, ta ɗora su a kan kunnen zomon. Ba ta da ƙarfin kamawa. Bakinta ya ɗan buɗe, ban sani ba ko dariya ta so yi.

Haka suka zauna su uku a inuwar rumbu. Na dama kunu mai ruwa na kawo, Barira na ɗiga mata da yatsa, ta haɗiyi kaɗan. Har na fara sa rai. Kafin rana ta faɗi Allah ya karɓi abarsa.

An aika wa Nasidi, ya iso bayan an rufe ta. A zaman gaisuwa na ji abin da kunnena ya gaji da shi. Wannan ta ce kwana ne ya ƙare. Waccan ta ce nonon ciki ba ya barin yaro. Marka na share hawaye, kuma hawayen gaske ne, don tana son jikarta, tana cewa, "Na yi ƙoƙarin raba ta da shi, ashe ya riga ya shige ta." Ita kuwa Barira aka ce kada a ga hawayenta, ɗiyar fari ce, a yi ta maza. Ta zauna a lungu da ƙaton ciki tana amsa "sai haƙuri" da "haƙuri sai ma'aiki".

Daga baya, da asibitin sha-ka-tafi ya zo kusa da mu, na ji ma'aikatan suna faɗa wa mata cewa nonon mai ciki ba ya kashe yaro, cire shi farat ɗaya ga yunwa shi ke kashewa. To ni ko kafin su faɗa zuciyata ta ba ni. Yarinyar da ta bar gidan nan tana dafa bango tana dariya, zawon haƙori kawai gare ta. Ba wanda ya doke ta, ba wanda ya ƙi ta. Kowa a gidan abin da za a ce yake tsoro: uwar miji na tsoron bakin mata, miji na tsoron bakin abokai, matan unguwa kowace na murna ba a kanta abin ya faɗa ba. Mutum ɗaya ce ta ajiye kunya ta faɗi abin da ke shirin faruwa, ita aka kira marar tarbiyya. Har yau ana yi, 'yan uwana. An daina cewa dahi a wasu gidajen, amma ba a daina neman mace ita kaɗai a ɗora wa kaya ba.

Baturiya ba a yanka ta da salla ba. Nasidi ya ɗauko wuƙa, Barira ta je ta tsaya a bakin rumbu, ya daɗe yana kallonta, ya mayar da wuƙar kube.

Da damina Barira ta haihu, namiji, leɓensa lafiya lau. Marka ta rangaɗa guɗa har muryarta ta dushe. Aka yi suna, aka sa masa Jibrin, aka yanka ɗan akuya.

Da yamma mutane sun watse, ina taya su kwashe kwanuka. Nasidi na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki yana cin kan akuyar. Marka ta miƙa wa Barira jaririn, ta ɗaga murya yadda ta saba.

"To, ga shi Allah ya maida maki. Wannan karon ki kama kanki har ki yaye shi. Kada ki sake jawo muna abin da kinka jawo."

Barira ta karɓi ɗanta ta gyara masa kwanciya. Ta ɗago ido, abin da ban taɓa ganin ta yi wa Marka ba, ta nuna tabarmar da haɓa.

"Ga ya nan zaune, Inna. Faɗa mashi."

Nasidi ya tsaya da tauna. Marka ta dubi ɗanta. Sai ta sunkuya ta ɗauki kwanon gabansa, ta ce ko a ƙaro masa romo.